LESIN: INUWAR GIGINYA, NA NESA KA SHA

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa wannan mujalla tamu shi ne wata magana da aka yaɓa mini kwanakin baya a ɗakin kwana. Muna cikin hira a kan yadda kowannenmu ya sami shiga jami'a, sai wani ɗan'uwa haifaffen birni ya ce wai jarrabawa ita ce alƙalin da ba ya karɓar toshiyar baki, domin ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san ɗan talaka ba, wanda ya yi karatu ya ci, wanda ya yi barci ya faɗi. Ya ƙara da cewa in mutanen ƙauye ba su da yawa a nan, to su yi kuka da kansu. Na tambaye shi ko ya yi lesin kafin ya zauna jarrabawa. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ai kowa ma ya yi." Da na matsa masa sai ya bayyana cewa tun yana aji huɗu na sakandare akwai malamin lissafi mai zuwa gidansu da yamma, kuma ya yi wata uku a wata cibiya yana koyon amsa tambayoyi a kwamfuta. To, a kan wannan kalma tasa ta "kowa" nake so mu yi magana, gama ni mutumin ƙasar Batsari ne, dangin mahaifiyata kuma suna ƙasar Safana, kuma na san dubban yaran da ba sa cikin wannan "kowa" ɗin.

Da farko bari mu san abin da ake magana a kansa. Lesin shi ne karatun da ake saya da kuɗi bayan an tashi daga makaranta, ko ran Asabar da Lahadi, ko lokacin hutu, a kan darussan nan dai da aka ce ana koyarwa kyauta a aji. Wani malamin yakan je har gida ya koyar da ɗa ɗaya. Wani yakan tsare 'yan ajinsa bayan an kaɗa ƙararrawa, kowa ya biya a ƙarshen wata. Akwai kuma cibiyoyin da aka buɗe a manyan garuruwa domin shirya yara ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Dalilin wannan kasuwa a fili yake. Ba mai shiga jami'a sai ya sami kiredit biyar, har da Turanci, sannan ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ya amsa darussa huɗu a kan maki 400. Tun daga 2015 kuwa a kwamfuta kaɗai ake yin wannan jarrabawa. Ƙofa ƙunci gare ta, masu neman shiga kuma sun fi guraben da ke akwai yawa nesa ba kusa ba, saboda haka duk uban da ke da hali yakan saya wa ɗansa abin da zai sa ya riga 'ya'yan wasu kaiwa bakin ƙofar.

Kada wani ya ce wannan ƙorafi ne na ɗan ƙauye kawai, domin masana sun daɗe da sa wa al'amarin ido. A shekarar 1999 wani shehun malami mai suna Mark Bray ya rubuta wa cibiyar tsara ilmi ta hukumar UNESCO da ke Faris wani ɗan littafi a kan wannan batu, inda ya kira shi ilmin inuwa. Hikimar sunan ita ce, lesin ba ya tsayuwa da ƙafarsa, makaranta yake bi kamar yadda inuwa take bin mutum: in manhaja ta sauya ya sauya, in jarrabawa ta ƙara tsanani ya ƙara girma. A 2021 malamin ya sake fitar da wani littafin a kan nahiyar Afirka kaɗai. Abin da irin wannan bincike ya yi ta nunawa a ƙasashe dabam-dabam shi ne, 'ya'yan masu hali sun fi samun lesin, kuma nasu ya fi inganci, birni ya fi ƙauye samunsa, sannan inda aka bar malami ya karɓi kuɗi daga hannun 'yan ajinsa, akwai haɗarin ya rage ƙwazo da safe domin a neme shi da yamma. Wato ke nan ilmin da doka ta ce kyauta ne ya koma haja, ana tallarsa a bayan makaranta.

Su masana sun kira shi inuwa, ni kuwa sai na ce inuwar giginya ce, wadda na nesa kan sha. Ku dubi yadda abin yake a wajenmu. Malamin kimiyya ko na lissafi da aka turo makarantar ƙauye, sau da yawa ba a ƙauyen yake kwana ba. Iyalinsa suna Katsina ko Dutsin-Ma, yakan zo da hantsi a kan babur, ya koma kafin azahar ta yi nisa domin gudun hanya. Ban ga laifinsa a kan tsoron ransa ba. Amma da la'asar, lokacin da yaron ƙauyen da aka ɗauke shi aiki dominsa yake gona ko wajen ɗibar ruwa, shi malamin yana zauren wani attajiri a birni yana warware wa ɗansa lissafin da bai sami sukunin gamawa da safe ba. Sunan malamin yana cikin rajistar makarantarmu, albashinsa da sunan 'ya'yanmu ake fitar da shi, amma inuwarsa can nesa take sauka.

In da rashin malami ne kaɗai da da sauƙi. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma kowa ya san abin da wannan daji ya zame wa jama'a. A 2019 mutanen ƙauyuka da yawa sun kwararo garin Batsari gudun 'yan bindiga, har azuzuwan furamare suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum wajen 30. A watan Maris na shekarar aka rufe makarantun ƙasar nan duka saboda annobar korona. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe makarantun kwana. A 2021 kuma, cikin matakan tsaro, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ba a maido da su ba sai ƙarshen shekara.

To, ina tambayar ɗan'uwan nan nawa na birni: a cikin waɗannan shekaru me ya sami karatunsa? Da aka rufe makaranta, malami ya ci gaba da zuwa gidansu. Da aka ce a yi karatu ta intanet, akwai waya a hannunsa, akwai wutar da zai yi mata caji. Mu kuwa aka ce mu yi karatu ta waya a ƙasar da aka kashe layin waya. Uban da ya saba sayar da akuya ko tunkiya ya biya wa ɗansa kuɗin jarrabawa, ya wayi gari ba kasuwar da zai kai ta, in ma ɓarayi sun bar masa ita. Duk da haka, da ranar jarrabawa ta zo, takarda ɗaya aka miƙa mana, minti ɗaya aka ba mu, ma'auni ɗaya aka auna mu da shi. An ɗaure ƙafar doki ɗaya, an saki ɗaya, sannan aka ce wai sukuwa ta nuna wanda ya fi gudu.

Bari in ba ku labarin kaina, ba don neman tausayi ba, sai don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A makarantar da na gama, mun yi zango biyu cur a aji biyar ba mu da malamin kemistiri. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa suna ne kawai, domin kayan da muka gani a jarrabawa a hoto muka san su. Ranar da na fara ɗora hannu a kan kwamfuta saura mako biyu in zauna jarrabawar JAMB, shi ma don wani kawuna da ke aiki a Katsina ya kira ni na zauna gidansa, ya biya mini kuɗin wata cibiya. A cikin mako biyun nan na koyi dabarun da ba wanda ya taɓa gaya mini: yadda ake raba lokaci tsakanin darussa, yadda ake tsallake tambaya mai wuya a komo mata, irin tambayoyin da ake yawan maimaitawa. Da ƙyar na haye. Akwai wani abokina da muka tashi tare, wanda tun daga furamare shi ne na ɗaya a ajinmu, ni kuwa ban taɓa wuce na huɗu ba. Shi ba shi da kawu a birni. Ya shiga ɗakin jarrabawa ya ɓata wani sashe na lokacinsa yana kokawa da na'ura, hannunsa na rawa. Ya sake gwadawa shekara mai zuwa bai samu ba, kuɗin gwaji na uku kuma babu. Yanzu yana tura baro a wata kasuwa a kudu. Ni da nake zaune a nan na san a raina cewa bai kamata kujerar nan ta zama tawa ni kaɗai ba, kuma abin da ya raba mu kawu ne, ba kwanya ba.

Akwai wani zalunci kuma da ba a cika faɗa ba. A ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 kuma an keɓe wa jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, kuma Katsina tana cikinsu. An yi wannan tsari ne domin a tallafi wanda aka bari a baya. Amma wa ke cin wannan kaso? Jiha ake dubawa, ba a duban ƙauye. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Katsina ko Kaduna ko Abuja, ya sha lesin har ya ƙoshi, shi ma takardar shaidar ɗan jiha yake riƙe da ita, wani lokaci ma da sunan ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Da jahilcinmu ake roƙo, da talaucinmu ake kafa hujja a gaban sauran 'yan ƙasa, amma in rabo ya zo, wanda ya sayi maki shi ke ɗauka. Wannan jiha ita ce ta karɓi kwalejin farko ta Arewa, wato Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari, tafiyar da ba ta kai yini ba daga harabar wannan kwaleji, akwai yaran da ke gama sakandare ba su taɓa ganin malamin fiziks ba.

Halin 'yan mata kuwa ya fi muni. Uban da ke da 'ya'ya shida da kuɗin lesin na mutum ɗaya, kowa ya san wanda zai zaɓa. Ko da ya so ya biya wa 'yarsa, lesin da yamma ake yi, a wani gari, kuma ba uban da zai bar 'ya mace ta hau hanya da magariba a ƙasarmu. Namiji yana iya zuwa birni ya raɓa a zauren wani ɗan'uwa na wata biyu, mace kuwa ba ta da wannan dama sai ƙalilan. Gobe mu ne za mu zo muna kukan babu likita mace, babu ungozoma 'yar gari a asibitocin Ruma da Wagini da Runka da Zakka, alhali kuwa tun daga bakin ƙofa muka bari aka tankaɗe su.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba zan guje musu ba. Za a ce kowane uba yana da ikon kashe kuɗinsa a kan ɗansa, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Gaskiya ne, kuma ban zo in zagi uban da ya nema wa ɗansa alheri ba, da mahaifina yana da hali da shi ma ya yi. Amma ƙarin wanka sai ga wanda ya sami wankan farko. Abin da ya faru shi ne lesin ya daina zama ƙari ya koma shi ne ainihin karatun, aji kuma ya zama wurin kiran suna. Daɗin daɗawa, tun da manyan ma'aikata da 'yan siyasa sun sami mafita ga 'ya'yansu, ba abin da zai tayar musu da hankali in makarantar gwamnati ta ruɓe. Da a ce ɗan kwamishina a ajinmu yake, ba mai zuwa gida ya koya masa, da ba mu yi zango biyu ba malami ba.

Za a kuma ce malamai ne maciya amana. A nan ma sai a yi adalci, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tsadar rayuwa ta ninka, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya riƙe magidanci wata guda. Malamin da ya nemi halaliyarsa da yamma da ilmin da ya sha wuya ya samu bai yi sata ba. Wanda ya yi sata shi ne wanda yake ɓoye rabin darasi da safe domin ya sayar da shi da yamma, ko yake ɗaure wa yaro fuska don bai shiga lesin ɗinsa ba. Wannan kam ya ci amanar alli, kuma wajibi ne a hukunta shi.

Wasu kuma masu zafin kai za su ce a haramta lesin kawai a huta. Wasu ƙasashe sun gwada. Koriya ta Kudu ta haramta shi a 1980, sai ya koma ɓoye, farashinsa ya hau, masu kuɗi suka ci gaba da saye, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a shekarar 2000. Ƙasar Sin ma a watan Yuli na 2021 ta hana kamfanoni cin riba da koyar da manyan darussan makaranta, kuma can ma an sami masu yi a ɓoye. In gwamnatoci masu ƙarfi irin waɗannan ba su iya kashe inuwa ba, to tamu ba za ta iya ba, za a yi gudun gara ne a faɗa gidan zago. Maganin abin shi ne a gyara makaranta har lesin ya koma ƙari kamar yadda sunansa ya nuna, sannan a kai wa talaka kyauta abin da mai kuɗi yake saye.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, mun yaba. Amma muna so a buga a fili, makaranta bayan makaranta, malaman lissafi da Turanci da kimiyya nawa ne suke Batsari da Safana, nawa ne suke cikin birnin Katsina, domin jama'a su gani da idonsu. A sa alawus na musamman mai tsoka ga duk malamin da ya yarda ya zauna a ƙananan hukumomin bakin daji, a ba shi gida a inda akwai tsaro. A kafa doka mai haƙora da za ta hana malami karɓar kuɗin lesin daga yaran da yake koyarwa a aji. A buɗe ɗakin kwamfuta mai aiki da hasken rana a garin Batsari da garin Safana, inda kowane ɗan aji shida, mace da namiji, zai yi gwaji kyauta da rana kafin jarrabawa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in za a raba tallafin karatu da guraben jiha, a dubi makarantar da yaro ya gama, kada a tsaya kan takardar shaidar asali kaɗai.

Ga malamanmu na jami'a kuma ina da magana, tare da girmamawa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, maƙwabtan Safana ne, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma ba ta da nisa da Batsari. Kowace shekara ɗaruruwan ɗaliban sashen ilmi suna rubuta kundin kammala karatu. Me zai hana a tura su su ƙirga mana yara nawa ne ke yin lesin a birni, nawa ne a ƙauye, nawa iyaye ke kashewa, kuma yaya sakamakon waɗannan yake in an gwada da na waɗancan? Bai dace a ce sai mun buɗe littafin Bature kafin mu san ciwon da ke jikinmu ba. Mai mulki yana iya musa kukan ɗalibi, amma ƙididdiga tana da wuyar musu.

Daga ƙarshe na juyo kanmu, mu 'yan ƙungiyar ɗalibai. A 1976 aka soma shirin ilmin furamare kyauta ga kowa, a 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, a 2004 aka mai da shi doka, duk da alkawarin cewa talauci ba zai hana ɗa karatu ba. A 1978, da gwamnatin soja ta ƙara kuɗin abinci da na ɗakin kwana a jami'o'i, magabatanmu ɗalibai sun fito zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", har wasu suka rasa rayukansu a Legas da Zariya, domin kada ƙofar jami'a ta zama ta masu kuɗi kaɗai. Mu da muka gaje su, a kan me muke kashe kuɗin ƙungiya? Liyafar maraba, da kalanda mai hotunan shugabanni, da lambobin yabo ga 'yan siyasar da suka bar makarantunmu suka lalace. Ina ba da shawara ga majalisar ƙungiya da ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumominmu cewa a dogon hutu mai zuwa mu buɗe ajin share fage kyauta a garin Batsari da garin Safana, da safe zuwa azahar domin 'yan mata su samu halarta. Mu nemi izinin masu girma Sarkin Ruma da Yariman Katsina, mu roƙi shugabannin ƙananan hukumomi aron azuzuwa da alli. Mai karanta lissafi ya koyar da lissafi, mai karanta Turanci ya koyar da Turanci, wanda yake da kwamfutar hannu ya zo da ita yara su taɓa. Mako shida ba za su maye gurbin shekara shida ba, kuma wannan ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba, amma ni shaida ne cewa mako biyu ma sun sauya rayuwar mutum ɗaya.

Shi kuma ɗan'uwana da ya ce kowa ya yi lesin, ban riƙe shi a zuci ba, abin da ya gani ya faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na ji an ce gwani ne a lissafi, saboda haka ina gayyatarsa ya zo mu tafi tare a hutun nan. Masauki da tuwon dare suna wuyana. In ya yi mako ɗaya a gaban allo ya ga irin kwanyar da ke zaune a ƙasa ba benci, sai ya dawo ya rubuto wa wannan mujalla ko har yanzu yana nan a kan bakansa. Duk wanda yake da niyyar zuwa kuma, ya ba da sunansa a ofishin ƙungiya kafin a fara jarrabawar ƙarshen zango. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.